Dutsen da Ya Yi Furfura

A takarda, sunan aikin Norbert dogo ne, na Faransanci, mai cika baki. A zahiri kwalabe yake wankewa. Shekara ashirin da shida ke nan yana wanke su a ɗakin gwajin kimiyya na wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, ɗakin da kowa ke ce wa labo. Sau uku ya zauna jarrabawar zama malami, sau uku jarrabawar ta dube shi da kyau ta mayar da shi ga kwalabensa. Bai riƙe ta a zuci ba. Malamai sukan zo, a yi musu canjin wurin aiki su tafi, shi kuwa yana nan, har ya san wace kwalba ce ke da tsaga a wuya ba tare da ya ɗaga ta ba.

A bangon labon akwai wata tsohuwar taswira da wani malami ya manna ya tafi ya bar ta. Ba ta ƙasashen duniya ba ce, ko da yake layuka sun yanka ta gida-gida kamar mai iyakoki. Tana nuna inda ƙarfe da farar wuta suke iya zama lafiya a cikin ruwa, da kamannin da suke ɗauka a kowane wuri. In ka bi ta daga hagu zuwa dama, ka taso daga ruwa mai tsami ka nufi ruwa mai kanwa. In ka bi ta daga sama zuwa ƙasa, ka baro inda iska ta wadata ka gangara inda babu ita ko kaɗan. Sama duk ƙasar tsatsa ce, faɗinta ya fi na kowa. A hagu ƙarfe yakan narke ya ɓace cikin ruwa, ba a ganinsa. Can ƙasa kuma akwai wani ɗan siririn yanki, kamar gonar maraya, inda ƙarfe da farar wuta suke haɗuwa su zama dutse mai ƙyalli, su zauna shiru.

A watan Agusta makaranta na hutu, amma Norbert yakan zo buɗe tagogi don kada laimar damina ta ruɓar da kabad. Sai ya zauna ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa tun zamanin shugaban makaranta na uku baya, ya zuba wa taswirar ido. Da zafin rana ya yi nauyi, layukan sukan yi laushi. Yakan ga kansa yana tafiya a ƙasar tsatsa, jar ƙasa har iyakar gani, kwanukan rufi da tsofaffin kekuna suna kwance suna hutawa kamar shanu. Yakan gangara, iska tana raguwa, ƙarar babura tana nisa, har ya iso bakin siririn yankin nan mai duhu da sanyi, inda babu abin da ke sauri. Kullum a nan yake farkawa, da miyau a gefen baki. Ko a mafarki ba a taɓa ba shi izinin shiga ba.

Wata Lahadi, ya dawo daga coci yana cire takalmi a ƙofar gidansa a Yelwa, sai ga maƙwabciyarsu Hajja Halime. Mutuniyar Kuseri ce, tana sayar da bandar kifin Maga a kasuwa, mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ba ta jin Faransanci, shi ba ya jin Larabcinsu, Fulatancinta kuma na ciniki ne kawai. Da Hausa suke gaisawa, tata mai ƙamshin Larabci, tasa mai ɗingishin boko.

"Baban Rosine, an ce kai ne likitan kwalabe."

"An yi mini ƙari, Hajja. Mai yi musu wanka ne."

"To ko mai wanka ne, duba mini wannan."

Ta zauna a kan benci ta kwance bakin gyalenta, ta fito da wani ƙullin hankici. Hankicin duk huji ne, bakin kowane huji ya yi ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa wuta. A ciki akwai dutse kamar ƙwan zabo, launin tagulla, jikinsa ƙananan kusurwoyi ne masu kama hasken rana su wurgo maka a ido. Amma gefe guda ya dushe, kuma wani farin gashi mai laushi ya tsiro a wurin.

"Ka gani? Furfura yake yi," in ji ta. "In na goge, bayan kwana uku ta dawo. Hankici na huɗu ke nan ya cinye mini."

Norbert ya kai shi hanci. Warin ashanar da aka kashe, da wani tsami-tsami a bayansa. Gabansa ya ɗan faɗi, irin faɗuwar gaban wanda ya daɗe yana kallon hoton mutum, sai ga mutumin a ƙofar gidansa. Pirit ne, mutumin siririn yankin nan na ƙasan taswira.

Ta ba shi labarin ba tare da ya tambaya ba. Mijinta Brahim mahaƙin rijiya ne. Suna da shekara biyu da aure wasu masu shanu suka kira shi wajen Tuboro. Ya haƙa gaba goma sha takwas, ya iso wani baƙin yumɓu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a ciki ya ga abu yana ƙyalli a hasken fitilarsa. Ya sa shi a hula ya hauro da shi. Wani mai wankin zinariya daga Colire ya duba ya yi masa dariya, ya ce ko goro ba zai saya ba. Brahim ya kawo mata, ya ce ya fi zinariya, tunda babu ɓarawon da zai wahalar da kansa.

"Shekara talatin yana cikin akwatina a Kuseri, ko tari bai yi ba. Kayan Brahim 'yan'uwansa sun raba, igiya da diga da komai. Wannan kaɗai ne ba wanda ya so. Me ke cin sa, Baban Rosine?"

Norbert ya gyara zama. Ba kullum ake tambayarsa abin da ya sani ba.

"Iska ce, Hajja. Iska da ruwa."

Hajja Halime ta dafe ƙirji. "Iskar ruwa! Wallahi na faɗa. Tun ranar na ce masa, Brahim, abin da ka tarar a gindin rijiya yana da masu shi."

"A'a, a'a, ba irin wannan iskar ba. Wannan da muke shaƙa. Akwai wani abu a cikinta, oksijan..."

"Sunanta ke nan?"

"Ba suna ba ne irin na... Bon. Suna ne, amma..."

"Ana ganinta?"

"Ba a gani."

"In an rufe ƙofa tana shiga?"

"Tana shiga."

"Tana cin ƙarfe?"

"Tana ci."

"To me muke musu a kai?"

Norbert ya nemi wata kalmar Hausa da za ta raba iskar hanci da iskar da ake yi wa turare, ya tarar kalma ɗaya ce tal aka ba su su biyu, su yi maneji. Kafin ya samo hanya, Hajja ta ci gaba.

"Kuma ba a ce na yi sakaci da shi ba. Tun da Brahim ya rasu na dawo Garwa wajen 'yata, ba Juma'ar da ba na yi masa wanka. Ruwan ɗumi, in goge shi, in hura masa baki ya yi ƙyalli, in ajiye shi a taga ya sha iska." Ta tsaya, ta ji abin da ta faɗa. "Ka ji! Ni da kaina nake miƙa mata shi a taga."

A nan ne ya kamata Norbert ya yi magana. Ya ga abin gaba ɗaya, sarai kamar a allo. A busasshen akwati a Kuseri dutsen ya yi barci, don iska ita kaɗai ba ta da hanzari. Ruwa ne ke buɗe mata ƙofa. In suka haɗu a jikin pirit, sai su raba ƙarfen da farar wutar: farin gashin nan gishirin ƙarfe ne, abin da ke huda hankici kuwa ruwan batir ne, ɗigo-ɗigo. Wato wankan Juma'a ne ke kashe shi. Ya dubi hannuwanta, yadda ta tallabe dutsen da tafi biyu kamar ɗan tsako. Ya ji kansa yana cewa, "A daina sa shi a taga tukuna, Hajja. Zan bincika."

Da ta tafi, matarsa Hortense, wadda ta ji komai daga bakin murhu, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Yau kuma boka ka zama?"

"Na gaya mata gaskiya. Ita ta ji wani abu dabam."

"Rabin gaskiya ka gaya mata, na ji ka. Ragowar ka haɗiye ta har da ƙara, maƙogwaronka ya yi ƙwat."

"Ya zan ce wa mace mai takaba a zuci, ke kike kashe abin mijinki?"

"Da baki. Shekara nawa kana gaya mini gishirina ya yi yawa, ba ka taɓa neman kalma ka rasa ba."

Norbert ya ce a ransa gobe zai je wurin Hajja. Goben ta zo da ruwan sama, jibi kuma ya ga kamar ƙafarsa na ciwo. Yakan hango Hajja da safe za ta kasuwa, ya ɗaga mata hannu daga nesa, ya shige lungu kamar mai sauri. Mutumin da ya haye hamsin ya ƙware a irin wannan saurin. A labo kuma taswirar ta daina ba shi hutu. In ya lumshe ido sai ya ga dutsen shi kaɗai a tsakiyar jar ƙasar tsatsa, baƙo, ba rumfa ba masauki, yana tsufa a tsaye.

Kwana goma sha biyu aka yi haka. Ran na sha uku, da hantsi, Hajja Halime ta same shi har labo. Mai gadi ne ya rako ta. Ba ta zauna ba, ta ajiye wani ɗan kwanon sha a kan teburin gwaji ta buɗe.

Dutsen na kwance cikin ruwa baƙi-baƙi. Ya tsage daga sama har ƙasa, gefen da ya yi furfura ya zama kamar dafaffen dankali.

"Na je wajen malam," ta ce, muryarta a ƙasa. "Na ce masa mai ilimin boko ma ya tabbatar iska ce. Ya ba ni rubutu na sha. Na ce a raina ai ba ni ce marar lafiyar ba, sai na riƙa jiƙa shi a ciki da safe, in fitar ya bushe, gobe in sake. Kwana bakwai. Baban Rosine, ta fi ƙarfin rubutu ne?"

Norbert ya ji kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya sa yatsu biyu ya tsamo dutsen, ya ɗora shi a kan takardar tace ruwa. Ya jawo mata kujerar malami, wadda shi kansa ba ya zama a kai, ya ce ta zauna. Sannan ya ɗauki sandar nuni ya tsaya gaban taswirar. Shekara ashirin da shida yana jiran ranar da zai tsaya a nan da ɗalibi a gabansa, ga ta ta zo, kuma da za a ba shi zaɓi da ya koma wankin kwalabe.

"Hajja, kin ga nan ƙasa? Nan ne garinsu. Gindin rijiya, cikin baƙin yumɓu, inda numfashi ba ya kaiwa. A can zai shekara dubu bai canza ba. Nan sama kuma garinmu ne. Duk ƙarfen da ya zo garinmu, tsatsa zai zama, ko yau ko wata rana. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya aiko. Kamar gangara ce, ruwa ba ya tambaya kafin ya bi ta."

"To ai shekara talatin yana garinmu."

"A bushe. In yana bushe, tafiyar a hankali take, kamar ba a yi. Ruwa ne ke sa ta gudu." Ya ajiye sandar. "Ba aljana ba ce, Hajja. Rubutun malam ma ba shi da laifi, sha aka ce ki yi. Wankan ne. Duk Juma'ar da kika wanke shi kika hura masa baki, kin ɗan rage shi. Na san haka tun ranar Lahadin nan, na kasa faɗa miki. Tsagar nan tawa ce."

A waje wata akuya tana cin ciyawar filin ƙwallo. Hajja Halime ta dubi tafin hannuwanta, ta juya bayansu, ta sake juyowa, kamar an ba ta aron na wani.

"Ni ce iskar," ta ce.

"Ba haka nake..."

"Yi shiru, ɗan'uwana, ka yi maganarka ta kwana goma sha biyu a makare, bar ni in yi tawa." Ta ja numfashi. "Da Brahim ya rasu ban samu na yi masa wanka ba, ka sani. Maza ne suka yi. Ni ina ɗaki, ina jin ƙarar buta." Ta share ido da bakin gyale, sau ɗaya, da ƙarfi, kamar mai goge tebur. "Kai kuma Allah ya shirye ka. Gemu har ƙirji, kana ɓuya a lungu. Ka ɗauka ban gan ka ba? Tumbinka yana riga ka fita."

"Na ɗauka na ɓuya."

"Akwai abin da ya rage, ko in tafi?"

Akwai. Norbert ya sa madubin ido, ya ɗauko ɗan burushi da allura. Ya ce mata ruɓaɓɓen gefen ba ya dawowa, sai an cire, in ba haka ba zai ci sauran. Ta ce ya cire, amma tana kallo. Ya riƙa ɓanɓarewa a hankali, ɓarɓashi mai ruwan toka yana zuba a takarda, ita kuwa ba ta ko ƙifta ido. Ƙwan zabo ya koma kamar goro, goro ya koma kamar ƙwallon dabino. A nan allurar ta daina shiga. Abin da ya saura mai tauri ne, kusurwoyinsa ƙanana suna nan da kaifinsu, kuma da ya juya shi wajen taga sai ya wurgo haske a silin.

Ya sa shi cikin wata babbar kwalba tare da ɗan kofin amoniyak, don tururinsa ya kashe tsamin da ya shige cikin tsaga. Warin ya bugi Hajja ta yi baya tana tari.

"Wannan ko aljanar gaske ce ai ta gudu."

"Shi ya sa ba a samun su a labo."

Aikin ya ci kwana uku, da turarawa da busarwa a ɗan tandun labo mai ɗumi kaɗan. Kullum da hantsi Hajja takan bar kifinta a hannun maƙwabciyar rumfa ta zo ta zauna a kujerar malami. Ba sa yawan magana. Wani lokaci takan tashi ta tsaya gaban taswirar, ta sa yatsa a siririn yankin nan na ƙasa, ta daɗe. Sau ɗaya ta tambaye shi ko mutum yana da irin wannan takardar, mai nuna inda zai zauna bai lalace ba. Norbert ya ce in akwai, ba a aiko wa makarantarsu ba.

A rana ta uku ya ɗauko wata 'yar kwalba mai murfin roba, wadda ya fi amincewa da ita duk labon. Ya zuba wasu ƙwayoyi shuɗɗa a gindinta, masu shanye laima.

"Ga sharaɗin, Hajja, kuma ba daɗi. In na rufe, an rufe. Ba wanka, ba gogewa, ba taɓawa. In kika ga ƙwayoyin nan sun koma ja-ja, ki kawo in canza. A haka zai fi mu daɗewa, ni da ke."

"In ban yarda ba fa? In na ce a hannuna nake son sa?"

"Naki ne. Damina biyu, ko biyar, ban sani ba. Sai ya zama gari."

Ta karɓi dutsen daga takardar. Ta riƙe shi a tafinta, ta rufe yatsu a kai. Norbert ya juya ya shiga jera kwalaben da suke a jere, yana jin ta a bayansa tana magana ƙasa-ƙasa da Larabcinsu, ba addu'a ba, irin maganar da ake yi wa wanda zai hau mota. Ta daɗe. Har akuyar filin ƙwallo ta gama ta tafi.

"Buɗe," ta ce.

Ita ta saka shi da kanta. Shi ya danna murfin, ya narka kyandir ya zagaye bakin. Ta ɗaga kwalbar wajen haske tana dubawa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Da za ta ƙulle ta a gyale, hannunta ya ɗan karkata, dutsen ya gangara ya bugi gilashin. Ƙil. Wata 'yar ƙara siririya, mai tsabta, kamar cokali ya taɓa kofin shayi a wani gida can nesa.

Hajja Halime ta tsaya cak. Ta sake karkata kwalbar. Ƙil.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Shekara talatin da huɗu yana wurina, bai taɓa cewa uffan ba."

Ta kai kwalbar kunne, ta fita ba sallama. Norbert ya tsaya a taga yana kallonta tana ratsa filin makarantar a hankali, cikin ciyawar da ta kai gwiwa, kanta a karkace gefe guda, hannunta yana ɗan motsi a gefen kunne. Hadari na haɗuwa ta wajen kogi, ba ta ko ɗaga ido ba.